Shekarar da Na Tsaya wa Filin Bakin Kogi

Bashir, kai ne ka dawo daga wani ɗaurin aure a unguwar Tremont ka tsaya a ƙofar kicin ka tambaye ni, da Turancinka, ko gaskiya ne ni na hana jama'armu samun filin masallaci. Ranar ban ba ka amsa ba, na ce ka wanke hannu ka ci abinci. Amsar doguwa ce, kuma ban so in faɗe ta raina a ɓace ba. Yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni, na ga gara in rubuta muku ita, kai da Aisha da Zainab, ku ji daga bakina. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin labarin ya ba ka. A shekarar kana makaranta a wani gari, Aisha tana gidan mijinta, Zainab kuma karatun aikin jinya ya sha mata kai, ni kuma da gangan na ɓoye muku yawancin abin da ake ciki.

Kun saba da filin a yadda yake yau, da kujeru da hanyar katako da ta ratsa cikin ciyawa. Lokacin da muka tare a nan unguwar Soundview ba haka yake ba. Inda titinmu ya ƙare akwai shingen waya da ya yi tsatsa, bayansa tsofaffin tayoyi da firji da katifun da mutane suke jibgewa, sai ciyawa da ta fi mutum tsawo, sai laka mai wari idan ruwa ya janye. Filin na birni ne, amma kamar birnin ya manta da shi. Ku kanku da kuna yara hana ku zuwa wajen nake yi. Shekaru na yi ina wucewa ta gefensa zan kama bas zuwa aikina na kula da tsofaffi a gidajensu, ban taɓa tunanin akwai wani abin kallo a bayan ciyawar ba.

Sai ciwon babanku ya zo. Kun san mutum ne da ya kusa shekara ashirin yana tuƙa tasi, mai surutu, wanda fasinja ba ya sauka daga motarsa bai ji labarin Haɗeja ba. Rana ɗaya ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ma ya tafi tare da shi. Da aka sallamo mu daga asibiti likita ya ce maganinsa tafiya ce, kullum, ko taku goma ne. Amma Malam ya ƙi titi. Ƙarar manyan motoci tana firgita shi, kuma kunya yake ji a gan shi yana jan ƙafa a gaban mutanen da suka san shi da ƙarfinsa. Idan na ɗauko masa sandarsa mai ƙafa huɗu sai ya kawar da kai ya kalli bango. Wata uku muka yi a haka, ba tafiya, ba magana, sai nuni da hannun hagu.

Maƙwabciyarmu Carmen ce ta fitar da mu. Mutuniyar Puerto Rico ce, ta yi ritaya daga girkin makaranta, kuma ni na yi jinyar mahaifiyarta har ta rasu, shi ya sa take shigo mana ba tare da wani ƙaƙale ba. Ta ce mini akwai inda shingen ya yage, kuma ta ciki akwai 'yar hanya da masu kamun kifi suka tattake, babu mota, babu mai kallon kowa. Wata safiya muka sa Malam a tsakiya, ita a dama ni a hagu. Muka ratsa shara muka ratsa ciyawa, sai ga kogi a shimfiɗe, shiru kamar ba a cikin New York ba. Ciyawar bakin ruwan kamar kacalar da ta addabi mutanenmu a gida, har na yi dariya na ce ashe har nan ta biyo mu. Malam ya tsaya yana haki. Can a cikin laka ga wani dogon tsuntsu tsaye da ƙafa ɗaya. Na ji hannunsa ya matse nawa, bakinsa yana rawa, sai ya ce:

"Zalɓe."

Kalmarsa ta farko ke nan tun da ya kwanta. Carmen ba ta san ma'anarta ba, amma ta riga ni kuka. Daga ranar kullum muna can. Taku goma ya koma hamsin, hamsin ya koma har bakin wani dutse da ya zama wurin zamansa. Kalmomi suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, kuma na farkon duk na bakin ruwa ne, balbela, komar kamun kifi, kwalekwale. Sunana ma sai daga baya ya iya kira.

A farkon bazarar da ta biyo muka tarar da takarda a liƙe a shingen. Carmen ta karanta ta yi mini bayani. Wani kamfani ne yake neman birni ya ba shi hayar filin na shekaru masu yawa, ya cike lakar, ya shimfiɗa kwalta, ya mai da shi wurin ajiye manyan motocinsa. Na ce ai filin gwamnati ne, na kowa, ta yaya za a ba mutum ɗaya? Ta ce nan ne matsalar. Muddin ba a rubuta a doka cewa wurin shaƙatawar jama'a ne ba, fili ne kawai da ba a amfani da shi, kuma ana iya ba da shi. Amma idan majalisar birni ta kaɗa ƙuri'a aka shigar da shi taswira a matsayin wurin jama'a, to ko magajin gari ba ya iya taɓa shi, sai an je har majalisar jiha a Albany an yi wata dokar. Ita da wasu 'yan unguwa sun fara tattara sa hannu don a yi hakan. Ta miƙo mini biro a nan take. Na ce ta bari in yi shawara da gida tukuna, ina tsammanin maganar kwana ɗaya ce.

Ranar Juma'ar makon baffanku Alhaji Garba ya zo ɗaukar ƙanensa zuwa masallaci, kamar yadda yake yi kowane mako tun da ciwon ya same shi. Ku da kuka san shi da tsufansa ba ku san irin tsayuwar da ya yi mana ba. Shi ya kawo babanku ƙasar nan, shi ya kwana a asibiti, shi ne kuma shugaban kwamitin masallacinmu. Aikinsa tafinta ne, a kotu da asibitoci, ya fi kowa a cikinmu jin Turanci. Ranar ya shigo fuskarsa a sake, ya zauna ya ci dambun da na yi masa, ya ce mana Allah ya kawo ƙarshen wahala. Kamfanin nan ya zo wurinsu. Idan jama'ar masallaci suka mara masa baya a gaban hukuma, zai yanka musu gefen filin da ke bakin titi su gina masallaci da makarantar yara, kuma zai ɗauki matasanmu aiki. Ba alkawarin baka ba ne, a rubuce yake, lauya ya duba.

Ina so ku fahimci nauyin wannan. Masallacinmu a lokacin ɗaki ne a ƙarƙashin wani shagon wanki. Da zafi gumi yana ɗiga daga bango, da sanyi bututu yana yoyo a kan darduma. Mata muna sallah a wani lungu bayan labule, tsofaffi ba sa iya sauka matattakalar, babanku ma sai an riƙe shi mutum biyu. Shekaru goma sha ana neman wuri ba a samu ba. Duk wanda ya ce muku mutanen nan kwaɗayi ne ya ja su, bai san su ba. Ni ma da na ji, sai da raina ya so.

Wata biyu na yi ban sa hannu a takardar kowa ba. Carmen ta daina tambayata, tana dai gaishe ni. Ni kuma kullum muna zuwa bakin kogi, sai dai yanzu na buɗe ido ina kallon waɗanda suke zuwa, domin labarin hanyar ya bazu. Tsofaffi masu ƙugiya da bokiti. Wata mata da ɗanta mai asma, ta ce nan kaɗai yake numfashi ba tari. Ma'aikatan dare da suka tashi aiki su zo su zauna su yi shiru kafin su tafi gida. Matan Gana da yaransu ranar Lahadi, da tukwanen wake da shinkafa. Babu wanda ya san sunan wani, babu kuma wanda ya tambayi wani takarda.

Abin da ya fi damuna kuwa daga gida ya biyo ni. Ina yarinya akwai wata fadama a bayan garinmu, kowa yana kai dabbobinsa, mata suna yankan ciyawar tabarma, yara muna su. Kakana yana cewa ta kowa ce tun kaka da kakanni. Babu wanda ya taɓa rubuta hakan a ko'ina, don ba a ga dalili ba. Wata shekara aka wayi gari an kafa turaku an ja waya. Dattawa suka yi ta zarya, ko'ina suka je sai a ce su kawo takarda. Na ga kakana ya dawo ya zauna a zaure ya cire hula ya ɗora a gwiwa, bai ci abinci ba ranar. Da na koma gida ganin dangi bayan shekaru, na nemi inda fadamar take ban gane wurin ba. Tun ranar na san cewa masallaci idan ba a samu bana ba ana iya samu baɗi a wani titin, amma bakin kogi idan aka zuba masa kwalta ya tafi ke nan.

Na kai wa Hajiya Memuna kukana, aminiyata 'yar Zangon Kumasi mai shagon kayan miya. Kun san yadda take magana, kowa "ka" ne a wurinta, mace ko namiji. Ta saurare ni tana ɗaure daddawa a leda, ta ce ita dai mijinta yana cikin kwamiti, ba za ta iya fitowa fili ba. Sannan ta ce:

"Amma in ka ga gaskiya, ka tafi ka faɗa. Za su zage ka. Ranar da suka zage ka, ka zo nan ka zauna, ni ba zan kore ka ba."

Saura Malam. An sa ranar da majalisar birni za ta saurari jama'a, duk mai son magana ya rubuta sunansa. Wata safiya muna zaune a kan dutsensa na gaya masa komai, a hankali, don ya bi ni. Na ce ina so in je in roƙi a bar filin nan wa jama'a, kuma na san hakan tsayawa ne a gaban yayansa a bainar mutane. Na ce idan ya ce a'a, wallahi na haƙura, ba zan sake tayar da maganar ba. Na ga hawaye a idonsa na dama, wanda ba ya rufuwa sosai, ban sani ba ko na ciwo ne ko na zuci. Ya yi ta kokawa da harshensa, daga ƙarshe ya ce:

"Je ki. Amma... Yaya... gaya masa."

Haka na yi. Ban yarda ya ji a bakin wani ba. Juma'a ta zagayo, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da na yanke. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amarya yake kirana tun ranar da aka kawo ni gidansu, har na yi jikoki. Ya ce:

"Amarya, tsuntsaye za ki fifita a kan ɗakin Allah?"

Na ce ba tsuntsaye ba ne, Yaya, mutane ne, kuma ƙasar ma ta Allah ce. Ya ce mutanen da nake magana ba su san ni ba, ranar da na mutu ba su ne za su yi mini wanka ba. Ya ajiye cokali bai ƙarasa abincin ba, ya kama hannun ƙanensa suka fita.

Ranar zaman muka shiga jirgin ƙasa da safe, ni da Carmen da wasu 'yan unguwa. Ta taya ni rubuta abin da zan faɗa da Turanci a takarda ɗaya, na yi mako ina maimaitawa a kicin. Shi ya sa da aka tambaya a takardar rajista ko ina buƙatar tafinta na ce a'a. Zauren yana da girma da sanyi, 'yan majalisa a jere a sama, agogo a gefe yana ƙirga wa kowa minti biyu. A ɓangaren dama ga mutanenmu cikin manyan riguna, sun fi talatin, Yaya Alhaji a gaba. Mutanen da na yi wa girkin suna da na biki, waɗanda suka zo duba Malam da lemo a leda. Babu wanda ya kalle ni.

Da aka kira sunana na tashi na zauna a gaban makirufo na buɗe takarda. Layi na farko na karanta, na biyu ya gagara. Haruffan suka riƙa yawo, Turancin da na yi shekara ashirin ina yi da tsofaffi ya gudu ya bar ni. Ina jin agogo yana tafiya. Sai na ji kaina ina cewa da Hausa, ku yi haƙuri, ba zan iya ba. Matar da ke shugabantar zaman ta sa aka tsayar da agogon, ta tambayi wane harshe nake ji, sannan ta tambaya ko akwai mai iya fassara a cikin zauren. Duk mai jin Hausa a wurin yana ɓangaren dama. Na fara naɗe takardata zan tashi, sai na ji motsin babbar riga. Yaya Alhaji ne. Ya tako ya ja kujera ya zauna kusa da ni, ya faɗa musu sunansa da aikinsa, ya kuma faɗa musu a fili cewa shi ya zo ne ya yi magana a kan akasin abin da zan faɗa, idan sun yarda da shi a haka. Suka yarda. Ya juyo, bai kalli idona ba, ya ce:

"Faɗi abin da kika zo faɗa. A gajarce, jimla jimla."

Na ajiye takardar na yi magana yadda nake yi a gida. Na ba su labarin fadamar garinmu da kakana da hularsa a gwiwa. Na ce musu mun zo daga inda muka ga abin da ke faruwa da ƙasar kowa idan ba a rubuta ta ba. Na faɗi matar nan da ɗanta mai asma. Sannan na ce mijina wata uku bai yi magana ba, a bakin wannan ruwan ya fara, kuma kalmar da ya fara faɗa sunan tsuntsu ce. Ina jin Turanci ko da na kasa yin sa ranar, don haka ina biye da shi kalma kalma. Bai rage komai ba, bai sassauta komai ba. Da ya zo wurin "mijina", yana nufin ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, muryarsa ta tsaya. Ya yi gyaran murya ya ƙarasa. Jimlata ta ƙarshe ita ce ta fi masa ɗaci, domin na ce ina roƙon su kada su ba kowa filin nan, ko da mu ne. Ita ma ya faɗe ta yadda na faɗa.

Bayan mutum uku aka kira shi. Ya yi minti biyunsa da Turanci mai kyau, ya ba su labarin ɗakin da ke ƙarƙashin shagon wanki, da tsofaffin da ba sa iya sauka, da matasan da ba su da aiki. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ina zaune ina sauraro hawaye yana zuba mini, Carmen ta ɗauka na farin ciki ne.

Kada ku ɗauka maganata ce ta yanke hukunci. Mutane da yawa sun yi magana, malaman makaranta, likitoci, masu kamun kifi, kuma abin ya ɗauki fiye da shekara yana yawo daga wannan kwamiti zuwa wancan. Mun koma zama ya fi sau biyar. Na koyi yadda ake buga waya ofishin ɗan majalisa a bar saƙo, na koyi tsayawa a bakin tashar bas da takarda da biro. Amma a cikin jama'armu ni kaɗai aka gani, don haka a kaina abin ya sauka. Aka cire ni daga kwamitin mata ba tare da an gaya mini ba. An yi suna uku a shekarar ban ji ba sai da aka watse. Idan na shiga lungun mata a masallaci sai hira ta mutu. Shagon Hajiya Memuna ne ya zama mafakata, ta cika alkawarinta, ko da yake sai ta bayan kanta take zaunar da ni.

Wanda ya fi biyan farashin kuwa babanku ne. Yaya Alhaji bai fasa zuwa ɗaukarsa ko Juma'a ɗaya ba, wannan ku riƙe shi. Amma ya daina hawowa. Sai ya tsaya a ƙasa ya danna hon, in sauko da Malam har bakin mota, in gaishe shi ya amsa yana kallon gaba. Hirar da suke yi bayan sallah a falonmu, wadda ita ce duk jin daɗin Malam a mako, ta yanke. Yakan dawo ya zauna a kujerarsa yana kallon wadda yayansa ke zama. Bai taɓa ce mini na yi kuskure ba. Da ya faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Ranar da majalisa ta kaɗa ƙuri'a ina wurin aiki, ina yanka wa wata tsohuwa farce. Carmen ta kira ni tana magana da harshensu da Turanci a haɗe, da ƙyar na tsinci cewa an amince, an shigar da filin cikin doka, daga bakin titi har bakin ruwa, kuma ɓangaren lakar za a bar shi yadda yake saboda tsuntsaye da kifi. Na shiga banɗakin matar na yi alwala, na fito na yi sujada a kan tawul. Bayan haka aka cire shingen. Asabar bayan Asabar muna fita da safar hannu muna kwashe tayoyi, kuma a hankali na fara ganin yaran mutanenmu a cikin masu aikin, iyayensu dai ba su zo ba, amma ba su hana su ba.

Shekara biyu bayan nan ƙaramar sallah ta faɗo cikin zafi, ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba zai ɗauki jama'a ba. Wani daga cikin matasan ya ce ai fili yana nan, na kowa ne, takardar izini kawai ake cikewa. Aka yi ta gardama, daga ƙarshe Yaya Alhaji da kansa ya cike takardar. Aka shimfiɗa tabarmi a kan ciyawa, sahu ya kai har kusa da ruwa, 'yan Nijar da 'yan Gana da mu, har da waɗanda ba mu taɓa gani ba. Babanku ya taka da ƙafarsa daga gida har cikin sahu, ba wanda ya riƙe shi.

Bayan an shafa ana ta gaisawa, na hango Yaya Alhaji zaune shi kaɗai a kan wata kujera yana jiran Malam ya gama da mutane. Na je na durƙusa na yi masa barka da sallah. Ya amsa, kuma wannan karon ya kalle ni. Sai na samu ƙarfin tambayar abin da ya daɗe a raina. Na ce Yaya, ranar nan a majalisa me ya tashe ka, ga shi da ka yi shiru da shi ke nan?

Ya ce shi ma bai sani ba, ya dai ga matar ƙanensa tana naɗe takarda a gaban baƙi, ƙafarsa ta tashi da kanta. Ya ce da ya zauna ya yi niyyar ya ɗan rage wa maganar kaifi, ba wanda zai gane. Sannan ya ce:

"Ban san a nan ya fara magana ba, Amarya. Ni nake kai shi masallaci kowane mako, ba wanda ya gaya mini. A bakina na ji."

Na ce ya yafe mini, laifina ne. Ya ɗaga hannu ya ce kada in yi saurin murna, har gobe yana ganin mun yi asarar masallaci, kuma ba zai fasa faɗa ba. Na ce na sani. Ya ce to, tunda na sani, in je in ɗora tukunya, shi da ƙanensa suna tafe.

Shekara huɗu babanku ya ƙara bayan wannan sallar, kuma yayansa yana falonmu kowace Juma'a har ta ƙarshe. Masallaci kuwa har yau haya muke yi, ko da yake mun fito daga ƙarƙashin ƙasa, mun samu wani tsohon shago mai ƙofa a bakin titi. Ban manta ina da hannu a wannan jinkirin ba, kuma duk abin da Allah ya hore mini ina kaiwa asusun ginin. Idan an fara shi bayan raina, ku tsaya a kai da ƙarfinku, a madadina.

Filin kuma kada ku ɗauka an gama. Doka takarda ce, mutane ne suke tsare ta. Duk ranar da kuka ga an liƙa sanarwa a bakin wurin, ku tsaya ku karanta, ku je zaman, ku da Turanci ba zai gudu ya bar ku ba.

Kai kuma Bashir, baffanku yanzu ba ya gani sosai, kuma jikokinsa duk sun yi nisa. Ranar Asabar ka ɗauki mota ka je Tremont ka ɗauko shi ka kawo shi bakin kogi. Zai ce maka uwarka ta yi musu asara. Ka ce masa haka ne, Baffa, ka riƙe masa hannu a kan hanyar katakon, akwai inda take santsi.